Amsa ga 'yar'uwa mai aikin jinya a Riyad

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki yi shaidar Yesu a nan Saudiyya. Ƙasar nan babu coci ko ɗaya, doka kuma ta hana wa'azin bishara, don haka ki yi hattara. Lahadi ranar aiki ce, shi ya sa mu huɗu muke sujada ranar Juma'a a ɗaki, muna waƙa ƙasa-ƙasa.

Wata tsohuwa da nake gyara wa shimfiɗa kullum dare ta taɓa riƙe hannuna, ta ce me ya sa ba na ƙyamarta? Na ce mata Yesu da kansa ya wanke ƙafafun almajiransa. Ban ƙara komai ba. Har yau ina yi mata addu'a da sunanta.