Yini Guda a Damagaram: Ina Zan Fara?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Daga Maraɗi nake. Za mu kawo amarya Damagaram, kuma ina da yini guda kafin mu juya. Duk wanda na tambaya abin da zan gani sai ya ce fada. Ita ke nan?

AMSA: Ɗiyata, Allah ya ba su zaman lafiya. Masu ce miki fada ba su yi ƙarya ba. Abin da ba na so shi ne ki sauka daga kabu-kabu a ƙofar fada, ki ɗauki hoto da dogarai masu ja da kore, ki koma gida ki ce kin ga Damagaram. Birni da ƙafa ake ganinsa, kuma da sassafe, tun duwatsu ba su ɗauki zafi ba.

Fadar ta kai tun wajajen 1850, kuma sunan da za ki yi ta ji a ciki shi ne Sarki Tanimu, wanda ya kewaye garin da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. Sarki na zaune a gidan har gobe, saboda haka ki yi sallama a wajen dogarai, su haɗa ki da mai zagayawa da ke. Kada ki manta da goronsa.

In kin fito, ki kutsa lungunan Birni, tsohuwar unguwar da fadar take ciki. Ni nan ne wurina. Soraye masu zanko, zane a goshin zaure, wani gidan ma an jingina shi da ƙaton dutse don ba mai iya kawar da dutsen. Da yawa sun sha siminti, abin yana ci mini rai, amma sauran sun isa kallo. Gidajen mutane ne fa, ki nemi izini kafin hoto.

Daga can za ki hango barikin da Faransawa suka gina bisa dutse. A 1898 aka kashe wani hafsansu, Kyaftin Cazemajou, a garin nan, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, shekara na zagayowa suka dawo da ƙarfi, aka gwabza a Tirmini, kusa da Damagaram. Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926 da aka mai da shi Yamai, kuma in kina son hira ta yi tsawo, ki tayar wa dattijon Birni da wannan zance. Barikin wurin soja ne, kada ki ɗaga waya.

Bayan azahar ki leƙa Zango, masaukin ayarin Buzaye a da, ki ƙarasa kasuwar Dole ki yi tsarabar kayan fata. Farashin farko na baƙo ne, ki taya. Mirya da tukwanenta kuwa, ki bari sai kin dawo suna.