Tambayi Bakanike: Sababbin tayoyi biyu, fitilu uku a kunne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da BMW X3 ƙirar 2006 da na saya hannu na biyu, ta ci kilomita 210,000. Wata uku da suka wuce na sa mata sababbin tayoyi biyu a gaba, na bar na baya don na ga da sauran kwanansu. Tun makon jiya, in na karya sitiyari har ƙarshe a hankali, sai ta riƙa fizga kamar ana riƙe ta. Yanzu kuma fitilu uku sun kama: ta 4x4, ta ABS (tsarin da ke hana ƙafafu ƙamewa in an taka birki) da ta birki. An ce mini akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ya mutu, sai canji. Akwai abin da zan iya dubawa da kaina a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi komai tukuna. Tun ban gama karanta wasiƙarka ba idona ya tsaya a kan tayoyin nan biyu, kuma daga nan nake so mu fara.

Tsarin xDrive da ke cikin motarka, wanda BMW ta fito da shi a 2003, kullum ƙafafun baya ne ke ja. Na gaba kuwa ana ba su rabonsu ne ta wani kuloci mai faranti-faranti da ke cikin akwatin da ka ambata. Kwamfutar mota ke matse shi ko ta sassauta, kuma duk lissafinta ya ginu ne a kan cewa tayoyin huɗu girmansu ɗaya.

Mu yi lissafi tare. Taya 235/55 R17, irin wadda ake yawan gani a wannan mota, tana zagayawa kusan sau 460 a kilomita ɗaya. Zanen sabuwar taya kan kai zurfin milimita 8. In na baya sun cinye sun koma 3, to tsayinsu daga ƙasa zuwa sama ya ragu da milimita 10 ke nan, sai su riƙa yin ƙarin zagaye kusan 7 a kowace kilomita. Tafiyar kilomita 100, ƙarin zagaye kusan 700. Ido ba ya ganin wannan bambanci, amma farantan kulocin nan su ke shanye shi, suna goguwa, suna zafi, man ciki yana ƙonewa. Wata uku kana haka. Shi ya sa nake jin ciwo in na ji an cewa mai irin wannan mota "sa biyu yanzu, biyu sai gaba".

Ka samu ɗan ma'aunin zurfin zanen taya, ka auna duka huɗun, ciki da tsakiya da waje. Ka tabbatar kamfani ɗaya ne, ƙira ɗaya, lamba ɗaya. Ka daidaita iska da sassafe kafin mota ta motsa, bisa takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Ni a wurina, in bambancin gaba da baya ya wuce milimita 2, ba na yarda a ci gaba da tafiya a haka. Sau da dama fizgar nan kan ragu sosai da zarar tayoyi sun zama ɗaya.

Fitilu ukun kuma maganarsu daban. A gefen akwatin akwai wani ɗan injin lantarki da ke matse kulocin, a cikinsa akwai giya ta roba mai haƙora. Da tsufa haƙoran kan cinye. Ka kashe mota a wuri shiru, ka buɗe ƙofa, ka kasa kunne ta ƙarƙashi. In ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" na 'yan daƙiƙu, da wuya in ba ita ba ce. Na sha buɗe irinta in tarar gefe ɗaya ya shafe sumul, garin roba ya cakuɗe da giris, ɗaya gefen kuwa haƙoransa ras. Ana sayar da giyar ita kaɗai, kuma mai haƙuri da 'yan sifanoni zai iya canza ta.

Amma fa sansar gudun ƙafa ɗaya da ta lalace, ko sansar sitiyari, ko ma batir da ya yi sanyi, duk suna iya kunna waɗannan fitilu ukun. Don haka a sa na'urar karanta kwamfuta a soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari, irin wadda ke shiga ɓangaren birki da na akwatin, ba ta injin kaɗai ba. Ka rubuta lambobin kafin a goge su. Daga nan a juye man akwatin a zuba ainihin nasa, a kuma sanar da kwamfuta cewa an canza. In an yi duk wannan fizgar ba ta daina ba, sai mu yi maganar canji.

Roƙona ɗaya: kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kawai. Sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai tauri. In kuma ta tsaya maka a hanya, a ɗora ta gaba ɗaya a bayan motar ɗauka, kada a ja ta ƙafa biyu a sama biyu a ƙasa.

Tambaya: Malam, Audi A6 quattro ce da ni ta 2002. Duk sanda aka yi ruwa sai na ji warin danshi, kafet ɗin gaba ya jiƙe, gilasai da makullin ƙofa su riƙa yin yadda suka ga dama. Mai gidana ya ce aikin mai wayarin ne. Ni kuwa ruwan ne ya dame ni.

Amsa: 'Yar'uwa, gaskiyarki, ruwan ne tushen abin. A wannan ƙira batir na zaune ne a wani kwarmi tsakanin injin da gilashin gaba. Duk ruwan da ya gangaro daga gilashi nan yake zuba, ya fice ta wasu ƙananan magudanai na roba, ɗaya a ƙarƙashin batir, ɗaya a ƙarƙashin tukunyar birki, wato gangar da ke ƙara wa birki ƙarfi in an taka. Ganye da ƙura kan toshe su su zama laka. Ruwa ya taru, ya bi ta gefen matatar iskar ciki ya sauka ƙarƙashin kafet, inda ƙananan kwamfutocin mota suke kwance, har da ta giya in motar mai canza giya da kanta ce.

Abin ya taɓa samuna a wata tsohuwar motata. Na ɗaga batir na tarar da baƙin ruwa ya kai gaɓar yatsa biyu. Da na zura waya a magudanar, sai na ji shi "shaaa" yana zuba ƙasa. Minti goma ya ɗauke ni, amma da na bari damina ta ƙare a haka, da asarar ta yi yawa.

A cire kan batir, a fara da mai alamar ragi, a ɗaga shi, a kwashe dattin da hannu, a buɗe magudanan biyu, a zuba ruwa kofi ɗaya a ga ya fita ta ƙasa. Sai a ɗaga kafet ɗin sosai, domin soson da ke ƙarƙashinsa kan riƙe ruwa makonni ko da sama ta bushe. In bakin wayoyi ya yi kore, a wanke da maganin wanke wayarin, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. In motar na da tagar rufi, a duba nata magudanan su ma. In kuma kin ji birki ya yi tauri, kada ki sake tuƙa ta sai an duba tukunyar birkin, don ruwa na iya shiga cikinta.

Tambaya: Volkswagen Golf 4Motion nake hawa, mai ja da ƙafafu huɗu. A kan santsi ƙafafun gaba ne kawai ke juyawa, na baya shiru. Ko dai an cuce ni ne?

Amsa: Ba lallai ba, Malam. Golf da Audi A3 da TT suna amfani da wani kuloci ne da ake kira Haldex, a gaban aksul ɗin baya, shi ke jawo ƙafafun baya in na gaba sun fara sulɓi. Yana da mansa na musamman, daban da na aksul, kuma yawancin masu sayen hannu na biyu ba su ma san da shi ba. In man ya daɗe sai ya yi kauri, ya toshe matata ko rariyar famfo. Ka fara duba fis ɗinsa, sannan ka canza man da matatar, ka wanke rariyar in irin taka na da ita. Ka lura sosai wajen kwance noti, domin ramin man Haldex da na aksul suna kusa da juna, kuma an sha juye na aksul bisa kuskure a tafi da shi a bushe. Ka sa musu alama da fenti kafin ka ɗauki sifana, kuma ka kwance notin ramin zuba sabon mai kafin na juye tsohon.