Hukuncin Yarjejeniyar Kare Jarin Baƙi Tsakanin Ƙasashe Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibin lauya ne, an karantar da mu irin yarjejeniyar nan da ƙasashe biyu ke sa wa hannu cewa kowacce za ta kare jarin mutanen ɗayar, ba za a ƙwace musu kamfani ba sai da diyya kuma za su fita da ribarsu in sun so, to abin da ya dame ni malam in rigima ta taso kamfani na iya kai gwamnati ƙara ƙasar waje, shin ya halatta ƙasar musulmi ta shiga wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam. To ɗan'uwa asalinta halal ce, domin baƙon da ya shigo da dukiyarsa bisa amana shi ne malamai ke kira musta'amin, jininsa da dukiyarsa haramun ne a taɓa ko da babu takarda, takardar ta zo ne ta ƙarfafa abin da dama ya wajaba a kanmu. Annabi (SAW) ya bar wa Yahudawan Haibara gonaki su noma a raba amfanin biyu, Sayyidina Umar kuma ya karɓi ushira daga fataken waje gwargwadon yadda ake karɓa daga namu in sun je can, ka ga yi-mini-in-yi-maka ba sabon abu ba ne. Yarjejeniya ta farko irin wannan ma a wannan zamani tsakanin Jamus ce da Pakistan a 1959.

Inda aikin yake shi ne sharuɗɗa, tunda hadisi ya ce musulmi suna kan sharuɗɗansu sai sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Da yawa daga waɗannan yarjejeniyoyi suna cewa diyya za a biya ta da ruwa har ranar biya, wannan riba ce, wajibi wakilan musulmi su nemi a cire a tsaya kan ƙimar abin da aka ƙwace da ainihin asarar da aka tabbatar.

Sai abin da ka tambaya, kai ƙara wajen masu sasanci irin cibiyar ICSID da ke Washington ƙarƙashin Bankin Duniya. Abin da ya fi rinjaye a wajena ya halatta saboda buƙata in rigimar ta dukiya ce zalla kuma ɓangarorin biyu na da hannu wajen zaɓen masu hukuncin, don mai jari ba zai saki jiki ba in gwamnatin da yake ƙara ita ce mai kotun. Amma fa abin yana da ciwo, wallahi ina jin ciwonsa. A 2019 an yanke wa Pakistan biyan wani kamfanin waje kusan dala biliyan 6 kan ma'adinan yankin Reko Diq na ƙasar, kuɗin talakawa ke nan da za a yi asibiti da makaranta. Kamfanin taba na Philip Morris ya kai Uruguay ƙara a 2010 don kawai ta tsaurara dokar kwalin sigari, ta yi nasara a 2016 amma shekara shida tana jigila. Shi ya sa bai halatta shugaba ya sa hannu kan abin da zai ɗaure shi ya kasa hana ɓarna ko kare lafiyar jama'a ba, ikonsa a kan dukiyar al'umma a ɗaure yake da maslaharsu, a rubuta wannan togaciya ɓaro-ɓaro a ciki.

In kuma an riga an ƙulla to cikawa wajibi ce, ayar farko ta Suratul Ma'ida ta ce ku cika alkawura. In cutarta ta bayyana a fita ta ƙofar da takardar ta tanada, a sanar da ɗaya ɓangaren a sarari kamar yadda Afirka ta Kudu da Indiya suka soke da yawa daga nasu, a kuma mutunta wa'adin da ya rage wa jarin da ya riga ya shigo, ban da yaudara.

Allah ne mafi sani.