Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi: shin dokar kulle ta faɗi a kan talaka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Lokacin annobar korona da aka kafa dokar kulle, na bi ta sau da ƙafa. A cikin kullen mahaifina ya rasu, mutum kaɗan aka bari suka sallace shi, 'yan'uwa na nesa ba wanda ya samu zuwa. Ba a jima ba labari ya fito cewa manyan da suka kafa dokar suna taruwa suna shagalinsu. Raina ya ɓaci, na ce tunda haka ne ni ma na daina. Na koma shiga taro ina ziyarce-ziyarce, har gidan wani kawuna tsoho, wanda daga baya ya kamu, ya yi jinya, Allah Ya karɓi abinSa. Malam, shin dokar da mai ita ya karya tana nan a wuyan talaka? In aka sake kafa irinta, dole ne in bi? Kuma mutuwar kawuna, akwai abin da ke kaina?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Allah Ya jiƙan mahaifinka da kawunka, Ya sa jinyar da suka yi ta zama kaffara.

Ɗan'uwa, ɓacin ranka yana kan hanya, kuma ba kai kaɗai ka ga wannan ba. A Birtaniya 'yan sandan Landan sun yanka tara 126 kan tarukan da aka yi a ofisoshin gwamnati cikin kulle, har da firaminista Boris Johnson kansa, wanda aka ci tara a 2022 saboda taron murnar ranar haihuwarsa da aka yi a watan Yunin 2020. A daren jajibirin jana'izar mijin Sarauniyar Ingila, a Afrilun 2021, ma'aikata suna casu a fadar firaminista, da gari ya waye kuma duniya ta ga Sarauniyar, tsohuwa, zaune ita kaɗai a coci saboda dokar tazara. A Niyu Zilan ministan lafiya da kansa, David Clark, ya kwashi iyalinsa zuwa bakin teku cikin kulle. Masu bincike a wata jami'a ta Landan ma sun auna yadda amincewar mutanen Ingila da gwamnati ta zube bayan da aka gano babban mashawarcin firaminista, Dominic Cummings, ya yi doguwar tafiya a lokacin da aka ce kowa ya zauna gida. Abin da suka auna da alƙalami, kai ka ji shi a zuciyarka.

Shari'a ba ta ɗauki wannan da wasa ba. Allah Ya ce wa Bani Isra'ila: "Shin kuna umartar mutane da alheri kuna mance kawunanku, alhali kuna karanta Littafi? Ba za ku hankalta ba?" (Baƙara: 44). Annabi Shu'aibu (AS) kuwa da zai kafa hujja da mutanensa cewa ya yi: "Ba na nufin in saɓa muku in koma ga abin da nake hana ku" (Hudu: 88). Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Usama bin Zaid cewa za a jefa wani mutum a wuta, hanjinsa ya zazzago, ya riƙa kewaya shi kamar yadda jaki yake kewaya dutsen niƙa, 'yan wuta su tambaye shi, ya ce ya kasance yana umarni da kyakkyawa ba ya yi, yana hani da mummuna yana aikatawa. Kuma lokacin da aka nemi alfarma ga matar nan Bamakzumiya da ta yi sata, Annabi (SAW) ya ce abin da ya halaka waɗanda suka gabata shi ne in babba ya yi sata a ƙyale shi, in mai rauni ya yi a tsayar masa da haddi.

Sayyidina Umar ya san wannan ciwon tun kafin a auna shi. An ruwaito cewa in ya hana mutane wani abu, sai ya tara iyalansa ya ce musu mutane suna kallonku kamar yadda tsuntsu yake kallon nama, in kun faɗa za su faɗa, in kun ji tsoro za su ji tsoro, kuma duk wanda na kama a cikinku sai na ninka masa hukunci saboda kusancinsa da ni. Don haka jami'in da ya kulle mutane ya je ya yi taro laifinsa ninki ne: ya jefa rayuka a haɗari kamar kowa, sannan ya karya gwiwar dubban da suke kallonsa, zunubin waɗanda suka yi koyi da shi kuma yana da kaso a ciki.

To amma tambayarka ba a kan wuyansa take ba, a kan naka take. Nan ne nake so ka ba ni hankalinka.

Kuskuren da ka yi, kuma da yawa sun yi shi, shi ne ka ɗauki dokar kamar yarjejeniya ce tsakaninka da gwamnati, in sun warware nasu kai ma ka warware naka. Da ciniki ne, da maganarka ta zauna. Sai dai nisantar mutane lokacin annoba ba gwamnati ce ta fara zuwa da shi ba. Annabi (SAW) ya ce: "Idan kun ji labarin annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta faɗa wata ƙasa kuna cikinta kada ku fita." Ya ce kada mai raƙuma marasa lafiya ya gangarar da su kan na mai lafiyayyu. Muslim ya ruwaito cewa a cikin tawagar Saƙifawa akwai kuturu, sai Annabi (SAW) ya aika masa cewa mun karɓi mubaya'arka, ka koma. Mubaya'a fa, hannu da hannun Manzon Allah, abin da mutum zai ba da duk abin da ya mallaka don ya samu, aka ɗage ta saboda kada a cutar da wasu. Da Umar ya isa Sarg a hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da mutane. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wannan annoba ta Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ita ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal, kuma masu tarihi sun ambata cewa Amru bin Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, daga nan ta lafa.

Ka ga ke nan wajibcin yana da saiwa biyu. Ɗaya ita ce haramcin cutarwa, "babu cuta babu cutarwa", wadda ke kanka ko da babu gwamnati a doron ƙasa. Ɗayar ita ce biyayya ga majiɓinta al'amari a cikin abin da yake maslaha ce ta jama'a, kamar yadda aya ta 59 ta suratun Nisa'i ta nuna. Saɓon da jami'i ya yi bai taɓa ta farko ba ko kaɗan, domin wanda ke da haƙƙi a nan ba jami'in ba ne. Mai haƙƙin shi ne tsohon da ke gidanku, da mai ciwon suga, da mai hawan jini, da mai ciwon asma, da ma'aikaciyar jinyar da za ta kwana a tsaye kan wanda ka shafa wa. Wannan ƙwayar cuta ta numfashi take bi, kuma likitoci sun tabbatar mutum yana iya ɗauke da ita yana yaɗawa bai ji ko ciwon kai ba. Ba ta tambayar wa ya fara karya doka. Minista ya yi taro, kai ka je ka yi wa kawunka numfashi a fuska don ka rama: wannan shi ne haushin kaza huce kan dami. Ministan bai san kana yi ba.

Saiwa ta biyu ma ba ta tsinke ba. Salama bin Yazid Al-Ju'ufi ya tambayi Annabi (SAW), kusan irin tambayarka, game da shugabannin da za su nemi haƙƙinsu su hana mutane nasu. Amsar da Muslim ya ruwaito ita ce: "Ku ji ku bi, abin da aka ɗora musu yana kansu, abin da aka ɗora muku yana kanku." Malamai ba su sharɗanta adalcin shugaba a karan kansa kafin a bi umarninsa na alheri ba. Abin da suka duba shi ne umarnin: saɓon Allah ne ko kuwa ma'arufi? Likitan da ke shan taba in ya ce maka taba tana lalata huhu, huhunka ba zai tsira don shi yana sha ba.

Akwai wata ƙissa a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da nake yawan komawa gare ta. Umar ya ga wata mata mai kuturta tana ɗawafi, ya ce mata: baiwar Allah, kada ki cutar da mutane, da kin zauna a gidanki. Ta zauna. Bayan wani lokaci wani ya zo ya ce mata wanda ya hana ki ya mutu, ki fito. Ta ce ba zan bi shi yana raye in saɓa masa yana mace ba. Matar nan ta gane abin da ya kuɓuce maka: dalilin hanin bai mutu da mutuwar Umar ba, domin mutanen da ake tsoron cutarwa suna nan suna kewaya Ɗakin. In mutuwar mai doka ba ta kashe dalilin ba, gyangyaɗinsa ina zai kashe shi?

Na san abin da wasu ke cewa, kuma ba maganar banza ba ce: tunda su da suke ganin rahotanni ba su ji tsoro ba, ashe babu abin tsoro. Ni ban ga ƙarfin wannan hujja ba. Babba yana karya doka ne don yana da likita a hannu, ana gwada shi safe da yamma, gado yana jiransa a asibiti, kuma ya saba doka ba ta hawa kansa. Kai ba ka da ko ɗaya cikin waɗannan. Kuma ko su ɗin ba su tsira ba, shi Boris Johnson sai da ya kwana a sashen masu tsananin jinya a Afrilun 2020. Gaskiyar cuta a wurin likitoci amintattu ake tambayarta, "ku tambayi ma'abota sani in ba ku sani ba", ba a teburin liyafar 'yan siyasa ba.

Kada kuma a fahimce ni cewa duk abin da aka kira dokar kulle ya zama wahayi. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce tasarrufin shugaba a kan talakawa rataye yake da maslaha. Dokar da aka ga ƙarara babu maslahar lafiya a cikinta, ko aka mai da ta sanda don a danne wasu a ƙyale wasu, a rufe masallaci a bar filin gangami, wannan ana da haƙƙin a ƙalubalance ta, malamai da likitoci su yi magana. Sannan lalura tana halatta abin da aka hana. Wanda in bai fita yau ba 'ya'yansa ba za su ci ba, kuma hukuma ba ta kawo masa komai ba, ya fita gwargwadon buƙatarsa, ya rufe baki da hanci, ya ba da tazara, babu zunubi a kansa, zunubin yana kan wanda ya kulle shi da yunwa. Haka mai kai mara lafiya asibiti. Amma lalura ana auna ta da gwargwadonta, kuma fushi ba ya cikin lalurori. Kai da bakinka ka ce ba yunwa ce ta fitar da kai ba.

Fushin kuwa yana da ƙofar da Shari'a ta buɗe masa. Addini nasiha ne, har ga shugabanni, kuma faɗin gaskiya a gaban shugaba azzalumi Annabi (SAW) ya kira shi mafificin jihadi. Ka rubuta, ka kai ƙara inda ake kai wa, ka nemi a hukunta shi kamar yadda za a hukunta ka, ka hana shi ƙuri'arka, ba tare da ƙage ko zagi ba. Wannan hanya tana aiki. A Norwe 'yan sanda sun ci firaminista Erna Solberg tara a 2021 saboda taron cikarta shekara 60 ya wuce adadin da aka yarda, ta nemi afuwa ta biya. David Clark ɗin nan ma ƙarshenta sai da ya sauka daga kujerar. Abin da ake nema shi ne a jawo babba ya shigo ƙarƙashin doka tare da kai. In kowa ya fice daga ƙarƙashinta don babba ya fice, shi yana da inda zai fake, masu rauni ne za su kwana a waje.

Saboda haka in aka sake kafa irin wannan doka, bisa shawarar likitoci kuma don tsare rayuka, binta wajibi ne a kanka ko da wanda ya sa mata hannu ya karya ta a daren da ya sa.

Sauran maganar kawunka. Ba ka tabbatar kana ɗauke da cutar lokacin da ka je ba, ba kuma wanda zai iya tabbatar da cewa daga wurinka ya samu, a lokacin da take yawo ta ko'ina. Asali shi ne wuyan mutum kuɓutacce ne, ba a ɗora diyya ko kaffarar kisa a kan shakka, don haka babu ɗayansu a kanka, kuma kada ka bar Shaiɗan ya riƙa raya maka cewa kai ka kashe shi. Ajalinsa ne ya zo. Da a ce ka san kana da cutar ka je, da maganar ta fi haka nauyi, sai an zauna da alƙali ko malami a bi ta dalla-dalla. Abin da ke kanka shi ne tuba daga sakacin da ka yi da lafiyar mutane cikin fushi. Ka nemi gafarar Allah, ka yawaita yi wa kawunka addu'a, ka yi sadaka da niyyar ladan ya kai gare shi, in kuma ya bar iyali masu buƙata ka riƙa leƙa su.

Wallahu a'alam.