Wanda suke zaune dabam da matarsa ba saki, me zai rubuta a takardun neman zama a ƙasar waje?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mun samu saɓani da matata, ta koma gidansu da yaranmu biyu, yau kusan shekara biyu ke nan. Ban sake ta ba, ita ma ba ta kai ni ƙara ba. Yanzu ina neman izinin zama a ƙasar waje, sai mai taya ni cike takardu ya ce in rubuta ba ni da aure, ko in ce na sake ta, tunda ba tare muke ba, wai hakan zai rage mini wahala. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, bai halatta ba. Wannan baiwar Allah matarka ce har gobe. Yaji ko doguwar rabuwa ba sa tsinka igiyar aure, ko da an shekara goma. Saki ne ke tsinka ta, ko khul'i, ko alƙali ya raba. Da za ka faɗi ka mutu yau, sai ta yi maka takaba wata huɗu da kwana goma, ta kuma ci tumunin dukiyarka. To ta yaya za ka rubuta ba ka da mata, sannan ka sa hannu a ƙasan layin da ke cewa duk abin da ke sama gaskiya ne? Wannan zur ne, kuma Allah ya ce a Suratul Hajji, aya ta 30, a nisanci zancen zur. Kasancewar hukumar ba ta Musulmi ba ce bai sauya komai ba, domin ƙarya da ha'inci haramun ne ga kowa aka yi su.

Rubuta cewa ka sake ta ya fi haɗari. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa abubuwa uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure da saki da kome. Malamai sun yi saɓani a kan mijin da ya yi iƙirarin saki da ƙarya. Da yawa sun ce tsakaninsa da Allah sakin bai auku ba, amma idan magana ta je gaban alƙali za a kama shi da abin da ya furta ko ya rubuta. Wasu kuma sun ce ya auku kawai. Idan kuwa aka yi maka takardar saki ta jabu, ka jefa aurenka da gadon 'ya'yanka cikin shubuha saboda biza.

Gaskiyar ma tana da gurbi a fom ɗin. Ka zaɓi cewa kana da aure, ka bayyana cewa kuna zaune dabam kuma ba za ta bi ka ba, ka sa sunanta da na yaran. Wasu ƙasashe ba sa kiran mutum rababbe sai da hukuncin kotu, don haka ka tambayi lauya mai lasisi kafin ka taɓa gurbin rababbe a fom ɗin. Ka kuma sani cewa a Kanada wanda aka kama da ɓoye bayani irin wannan ana haramta masa shiga na shekara 5, a Amurka kuwa haramcin na iya zama na har abada. Kuma wanda ya ɓoye 'ya'yansa a farko, yakan sha wuya ranar da ya so ɗauko su. Mai taya ka cikewa ya karɓi kuɗinsa ya wuce, sa hannunka ne ya rage a takarda.

Abin da ya fi damuna a tambayarka kuwa, ba ka ce komai game da halin da take ciki ba. Shekara biyu mace na zaune a ɗakin mahaifiyarta, ba ta ga aure ba ta ga zawarci, mai so ba ya iya sallama da ita. Wannan ne Allah ya hana a Suratun Nisa'i, aya ta 129, da ya ce kada ku bar ta kamar wadda aka rataye. Mijin da ya rantse ba zai kusanci matarsa ba ma wata huɗu kacal Suratul Baƙara ta ba shi. A mazhabar Malikiyya, matar da doguwar tafiyar miji ta cutar da ita tana da damar kai ƙara alƙali ya sake ta. Idan ka hau jirgi a haka, ka ƙara mata nisa a kan ratayar.

Saboda haka kafin ka miƙa takardun, ka tura manya biyu, ɗaya daga danginka ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta umarta. In an daidaita, ka rubuta ta a matsayin matarka, ku tsara ko za ta biyo ka. In abin ya ƙi, ka sake ta saki ɗaya cikin tsarkin da ba ka kusance ta ba, a kafa shaidu, a rubuta, ka ciyar da ita har ta gama idda. In aurenku yana da rajista, mai yiwuwa sai an warware shi a kotu kafin hukumar can ta ɗauke ka wanda ya yi saki. Ci da sha da sutura da karatun yaran suna wuyanka duk ƙasar da ka sauka.

Wallahu a'alam.