Tambayoyinku: Mu Kafa Ƙungiyarmu Ko Mu Shiga Wadda Muka Tarar?

Tambaya daga wani tela a Fagge: Mu matasan teloli ne kusan ashirin a layinmu. Ƙungiyar manya ba ta damu da matsalolinmu ba, shi ya sa muke tunanin kafa tamu. Ya dace? Ta ina za mu fara?

Malam, kafin ku zaɓi suna ko ku je a sassaƙa muku hatimi, ku zauna ku rubuta aikin da ƙungiyar za ta yi a jimla ɗaya. "Haɗin kai da ci gaba" ba aiki ba ne, take ne na kalanda. Aiki shi ne irin wannan: mu haɗa kuɗi mu riƙa sayo zare, allura da yadin ciki a sari daga Kantin Kwari, ko mu sayi janareta ɗaya da zai ɗauki shaguna biyar gab da salla, lokacin da ɗinki ya yi yawa wuta kuma babu. In jimlar ta gagara rubutuwa, ba ƙungiya kuke bukata ba, majalisar hira ce, kuma ita ba ta neman rajista.

In ta rubutu, ku gwada aikin tsawon wata uku ba shugaba, ba katin shaida. Zaman farko kowa zai zo, don sabon abu ne. Zama na uku shi ne ma'auni. Duk mutum biyar ko shida da suka zo a ranar da ake ruwa kuma aiki ya cushe a shago, su ne ƙungiyar, sauran kuwa 'yan rakiya ne. In ba a samu biyar ɗin ba, ku haƙura.

Sannan kada ku fara da gaba da manya. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ku 'yancin haɗuwa, amma manyan nan su ne ke da baki wajen masu shaguna da jami'an haraji na ƙaramar hukuma. Sau da yawa abin da ya fi sauƙi shi ne ku nemi a ba ku reshen matasa a cikin ƙungiyar da ke akwai, da asusunku daban. In sun ƙi, ku kai gaisuwa wurin mai unguwa ku sanar da shi niyyarku kafin wani ya riga ku kai masa labarin a karkace.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Dorayi: Mu mata 25 ne masu sana'ar gida, muna adashi shekara biyu. Yanzu muna so mu zuba jari tare mu riƙa raba riba. An ce mu yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Haka ne?

Hajiya, wanda ya ba ku shawarar ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Rajistar da ƙungiyoyi ke yi a CAC ita ce ta amintattu, wato mutanen da ake naɗawa su riƙe dukiyar ƙungiya a madadinta, ƙarƙashin Sashe F na dokar kamfanoni ta 2020 (CAMA). Ana bukatar amintattu aƙalla biyu, da kundin dokokin ƙungiya, da takardar zaman da aka naɗa su, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Bayan an samu takarda kuma akwai rahoton shekara-shekara da dole a riƙa kai wa hukumar, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi sai tara ta taru. Abin da ya fi shafar ku shi ne wannan irin rajista ba ta yarda a raba ribar ƙungiya tsakanin mambobi ba. An yi ta ne don ƙungiyoyin addini, ilimi, agaji da makamantansu.

Ku da kuke son raba riba, hanyarku ita ce ƙungiyar gama kai, wadda sashen gama kai na gwamnatin jiha ke yi wa rajista. Yawanku ya wadatar. Ku tanadi jerin sunaye, dokokin da kuka amince da su da kuma littafin da ke nuna zubin kowa. Littafin adashin nan naku na shekara biyu kada ku yar da shi, shi ne shaidar cewa kun iya riƙon amana.

Tun kafin ku zuba sisi, ku yanke magana uku a rubuce: nawa ne kason kowa, me za a yi in wata ta ce za ta fita a tsakiyar shekara, kuma wa zai ɗauki asara in kaya suka ƙi sayuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Batun rance kuma, tunda yawancinku ba za su yarda da kuɗin ruwa ba, ku tsara shi bashi ne ba ƙari, da mai tsayawa ɗaya daga cikinku, da ranar biya a fili.

Tambaya daga wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, Kano: Mun taɓa kafa ƙungiya ta watse saboda rigimar kuɗi. Muna so mu sake. Me za mu gyara?

Ɗan'uwa, irin wannan rigima ba kasafai take farawa da sata ba. Tana farawa ne ranar da aka ce a riƙa tura kuɗin wata zuwa asusun ma'aji na kansa. Kuɗin jama'a sai ya gauraya da na cefanensa, wata rana bukata ta taso ya ɗan taɓa da niyyar mayarwa, daga nan lissafi ya ɓace, shi kansa bai san nawa ne naku ba.

Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Banki zai nemi lambar tantance mai asusu (BVN) ta kowannensu da takardun ƙungiyar. Wanda ke karɓar kuɗi daban, wanda ke rubutawa daban, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya ko maigida da yaronsa. Duk wanda ya biya a ba shi rasidi mai lamba. A kowane zaman wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a nuna takardar banki kowa ya gani. In ku 30 ne kuna zuba ₦1,000, to ₦30,000 ake sa ran gani, giɓin da aka samu kuma a faɗi sunayen da ya fito daga gare su, ko da akwai kunya.

Ku sa wa shugabanci wa'adi, shekara biyu ta isa, kuma ku rubuta yadda ake sauke mutum tun ana dariya. Zauren WhatsApp na sanarwa ne kawai, kada a yanke hukuncin kuɗi a cikinsa. Lokacin zaɓe in ɗan siyasa ya kawo gudummawa, a shigar da ita littafi kamar kowane kuɗi, amma kada shugaba ya yi masa alƙawarin ƙuri'un mambobi, domin cikinku akwai 'yan kowace jam'iyya kuma a shago ɗaya za ku ci gaba da zama bayan an gama.