Me ya sa manhajata ke nuna NaN a maimakon ta nuna inda kuskure yake?

Tambaya, daga wani ɗalibin jami'ar KNUST mazaunin Asawase a Kumasi: Malam, manhajar da muke ginawa tana da kuskuren da wani lokaci ya bayyana, wani lokaci ya ɓuya. Na rubuta ɗan shiri da ke bai wa kowane sauyi da muka yi makin yiwuwar shi ne mai laifi, yana gyara makin bayan kowane gwaji. Na bar shi ya kwana yana aiki, da safe duk makin ya koma NaN, wato alamar da kwamfuta ke nunawa idan sakamakon lissafi ba lamba ba ne. Ina matsalar?

Amsa: Ƙanena, dabararka daidai ce. Da a ce kuskuren kullum yana bayyana, git bisect, wato umarnin da ke nemo sauyin da ya kawo kuskure, ya ishe ka, domin rabawa biyu yake yi: sauyi 1,000 zai tace su a gwaji 10 ko kusa da haka. Amma shi yana gaskata kowane sakamako ɗari bisa ɗari, gwaji ɗaya da ya wuce bisa sa'a ya isa ya kai shi ɓangaren da babu komai. Shi ya sa ake komawa ga ƙa'idar Bayes, wato gyara makin yiwuwa duk lokacin da sabuwar hujja ta zo, kamar yadda ka yi.

Abin da ya ci ka shi ne ninkawa: bayan kowane gwaji ana ninka maki da lambar da ba ta kai 1 ba, sai ya riƙa ƙanƙancewa. Kwamfuta tana ajiye lambobi masu ɗigo bisa ƙa'idar IEEE 754, wadda ta fara fitowa a 1985. A lamba mai bit 64 (bit shi ne gurbin 0 ko 1 guda ɗaya), mafi ƙanƙantar abin da za a iya riƙewa shi ne kusan 5 da sifili 323 a gabanta bayan ɗigo. Ka ninka 0.5 da kanta sau 1,075, sifili za ka samu. In bit 32 kake amfani da shi, sau 150 ya isa. Kamar ka ɗora ƙwayar gero a sikelin awon buhu ne: tana da nauyi, amma sikelin zai ce babu. Da dukkan makin ya zama sifili, shirinka ya raba sifili da sifili, shi ne NaN ɗin da ka tarar.

Maganin farko: bayan kowane gwaji, ka raba kowane maki da jimillarsu, don su koma suna haɗuwa su ba da 1. Wannan zai kawar da NaN, amma ni ban tsaya a nan ba, domin maki ɗaya zai iya zamewa sifili shi kaɗai ba tare da wani gargaɗi ba. Kuma sifili ba ya farfaɗowa. Duk hujjar da ta zo daga baya, ninka ta za a yi da sifili.

Don haka ka riƙa ajiye logaridim ɗin makin, wato lambar da ke nuna girmansa a taƙaice, sai ninkawa ta koma tarawa. In ka zo fitar da sakamako, ka nemi mafi girma, ka ɗebe shi daga kowanne, sannan ka mayar da su daga logaridim zuwa maki. Misali -1000 da -1002: in ka mayar da su kai tsaye, duka sifili ne. In ka ɗebe babban, sun zama 0 da -2, wato 1 da 0.135, kashi 88 da kashi 12 cikin ɗari ke nan. Sannan duk inda kake buƙatar logaridim na 1 ban da wata 'yar ƙaramar lamba, yi amfani da log1p, umarnin da aka tanada don irin wannan lissafin, domin lamba mai bit 64 alƙaluma 15 zuwa 17 kawai take riƙewa, ƙaramar za ta narke a cikin 1.

Akwai wani sifilin da ya fi damuna, wanda kai da kanka za ka rubuta. In ka gaya wa shirin cewa gwaji ba ya faɗuwa sai saboda wannan kuskuren, ranar da intanet ya katse ko aka ɗauke wuta a tsakiyar gwaji, zai wanke duk sauye-sauyen da suka biyo baya, mai yiwuwa har da mai laifin. Ka ba shi ɗan gurbin yiwuwar gwaji ya faɗi saboda wani dalili dabam, ko da 0.001 ne.

Tambaya, daga wata mai shago a Aboabo: Ɗana ya yi mini manhajar lissafin ciniki, sai na ga 0.1 da 0.2 sun ba da 0.30000000000000004. Ta lalace ne?

Amsa: Hajiya, ba ta lalace ba. Kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga, kuma 0.1 ba ya rubutuwa cif a wannan tsarin, yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu. Ki ce masa ya riƙa ajiye kuɗi da pesewa, lamba cikakkiya: sidi 12.50 ya zama 1250, sai wajen nuna miki a allo ya raba da 100.